Dalilin da ya sa ba ki ga kujerar a cikin kayanki ba

Zuwa ga 'yata Rahinatu,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina fata motar ta sauke ki Bawku lafiya, ba ta tsaya muku a daji tsakanin Gushegu da Garu kamar yadda ta saba ba. Allah ya sa kin shiga garin a sa'a, ya tsare ki a ɗakin da kika kama da kuma wurin aikinki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya zaunar da garin lafiya.

Ba zan ba ki labarin gida ba, jiya kika bar shi. Idan kin kwance babban buhun nan ba za ki ga kujerar ba. Wannan takardar za ki tarar, da wani gwangwani a naɗe cikin tsohon zanen Mmanki. Kada ki zargi direba. Ni na ƙi sa ta a ciki tun ranar Laraba, kuma da kika tambaye ni na ce miki tana can ƙasan buhu, ƙarya na yi miki, Allah ya yafe mini. Na san matsayin kujerar nan a wurinki. Daga reshen maɗacin Mmanki aka sassaƙa ta, wanda ya faɗo bara, ke kika roƙa a yi miki ita don ki tafi da wani abu daga inuwar da marigayiya ta shekara ashirin tana sayar da koko a ciki. Ki yi fushi da ni, na yarda. Amma ki karanta har ƙarshe tukuna.

An ɗauke ki aikin kula da itatuwan bakin hanya da na makarantu da ofisoshi. Kin yi karatun abin, kina da takarda. Ni ba ni da takarda. Abin da nake da shi, na yi gadon itatuwa huɗu a ƙofar gidanmu, maɗaci uku da mangwaro ɗaya, waɗanda kakanki ya dasa shekarar da ya bar fataucin goro. Yau saura ɗaya. Idan mutanen Salaga suka tambaye ni nakan ce ƙwari ne suka cinye su. Rabin gaskiya ke nan. Ƙwari sun ci, amma ni na ba su hanya, kuma kowane karo ina ganin dabara nake yi.

Mangwaron ne ya fara tafiya, lokacin kina goye. Farkon wata damina tsutsotsi suka sauka a kan ganyensa, in mutum ya tsaya a ƙasa sai ya ji kashinsu yana zuba kamar yayyafi. Kwana uku ina kallon ganye yana raguwa, na rikice. Ranar kasuwa na tarar da wani mutum ya shimfiɗa leda ya jera kwalabe, babu wadda ke da takarda a jikinta. Na gaya masa damuwata. Ya ɗauko ɗaya ya ce, "Alaji, wannan orijina ne. Ka sa murfi biyu cikin ruwa, komi da komi zai mutu, ba zai kwana ba." Na dawo gida na ari famfon feshi. Da yake ni mai wayo ne, na ce in murfi biyu zai yi aiki, biyar sun fi. Da tsakar rana na yi feshin, mata na tsakar gida, tukwane a buɗe.

Mutumin bai yi ƙarya ba, komai ya mutu. Tsutsa ta mutu. Ƙudan zuma sun mutu. Kajin Mmanki da suka bi tsutsar suna tsattsaga, kafin la'asar sun bi ta. Ta fito ta tsaya a kansu ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, tsutsa ka fita kashewa ko gidan gaba ɗaya?"

Asarar da ta fi kajin ban gan ta ba sai daga baya. Jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida, waɗanda muke zagi kullum saboda cizo in mun hau tsinkar mangwaro, su ma sun ƙare. Ashe su ne masu gadi, su ke korar duk wani ƙwaro da ya sauka a reshe. Da suka tafi, ƙwaron da ke huda itace ya samu gida babu kowa. Bayan shekara biyu na fara ganin wani gari ja-ja a gindin itacen, irin wanda ke zuba a ƙarƙashin zarton kafinta. Me na yi? Na koma wurin mai kwalabe. Na yi ta wanke ganye da guba, alhali mai ɓarnar yana can cikin itace inda ko ɗigo bai kai ba. Mangwaron ya bushe daga sama zuwa ƙasa. Har yau in na ga masu kwalaben nan a kasuwa zuciyata tafasa take, don suna nan, a wuri ɗaya, suna sayar wa mutane abin da su kansu ba su san sunansa ba, kuma babu mai ce musu kanzil.

To ki ji. Idan kin ga an ci ganye, kada ki firgita kamar ubanki. Ki tsaya ki duba wa ke ci, ki juya ganyen ki ga bayansa. Babban itace mai lafiya, in tsutsa ta aske shi sau ɗaya, zai sake toho. Ƙananan dashe ne abin tsoro, su kuwa hannu ya ishe su, a tsince tsutsar a zuba cikin bokiti. In abin ya yi yawa, a daka 'ya'yan dogonyaro a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma bayan zuma sun koma. In kuma dole sai maganin kanti, a sayi mai takarda, a auna yadda aka rubuta, kada wani mai wayo ya ƙara murfi. Wanda duk ya ce miki maganinsa yana kashe komai, ki bar masa kayansa.

Na biyu kwaɗayin abin banza ne ya kashe shi. Na je Yendi sadakar arba'in ta malamin da ya karantar da ni. A tsakar gidansa akwai wani babban itace da ya bushe aka sare, aka tara guntayen a gefe. Iyalansa suka ce in ɗiba in ina so. Na ga ramuka a jikinsu, na ɓanɓare ɓawo na ga hanyoyi a ƙarƙashi sun yi ta karkacewa, na ce ina ruwan wuta da rami. Na cika bayan mota na kawo Salaga ina jin kaina mai tattali. Na jingine su a jikin maɗacin gabas, suka yi rani guda a nan, Mmanki tana ɗauka kaɗan-kaɗan. Da ruwan farko ya sauka sai ga wasu ƙwari masu dogayen ƙaho suna fitowa daga cikin tarin suna hawa itacen, ni ina zaune ina kallonsu ina shan shayi. Ƙari a kan haka, a gindin wannan itacen muke ƙone shara, wuta ta riga ta gasa masa ɓawo ta gefe guda. Ƙwaro kuwa wurin rauni yake nema ya saka ƙwai.

Shekara ta zagayo, itacen ya fara zubar da ƙaro, ramuka suka bayyana, ɗaya har hannu yana shiga. Lokacin ne aka sa bikin yayanki, baƙi za su zo daga Kumasi. Ni abin da ya dame ni kada su ga rami a ƙofar gidan Malam. Na zuba baƙin mai a ciki, na kwaɓa siminti na toshe, na bi da farar ƙasa har iya ƙirji. Dramani masassaƙi, maƙwabcinmu, ya zo wucewa ya tsaya. Ya ce, "Malam, wannan aiki bai yi ba. Ɓarawo yana ciki, kai ka kulle ƙofa. Shi zai ci abinci kawai." Na ce masa ya je ya ji da turamensa. Baƙi suka zo suka yaba, suka ce itacen ya yi fes. Damina biyu bayan nan, ranar wata Talata da hantsi, iska ta taso ya kife a kan katangar madafa. Minti kaɗan kafin nan Mmanki ta fita daga wurin da tukunya a hannu. Cikinsa duk gari ne. Simintin ya faɗo guda, bai ko tsage ba, yana nan bayan gida, na ƙi a jefar da shi don in riƙa ganinsa.

Ina gaya miki wannan ne don za ki haɗu da irina a ofis, masu manyan riguna. Ranar da aka ce wani babba zai zo gari, za su aiko a shafa wa itatuwa farar ƙasa, a datse rassa da adda ko ta yaya, a bar su da tsage-tsage. Ranar da babban ya tafi, babu mai tuna cewa itace yana shan ruwa. Lokacin zaɓe za su zo da ƙusa su kafa hotunansu a jikin duk itacen da ke bakin titi, mutumin da ke alkawarin gyara gari shi ne zai fara huda inuwar garin. Gab da Babbar Sallah za a ɗaure raguna da waya a gindi har ta nutse cikin ɓawo. Wani zai malala siminti har wuyan itace don ƙofar shagonsa ta yi kyau. Sannan in ya mutu duk su taru su ce ƙwari, ko su ce ke ce ba ki iya aikinki ba. Wannan abu yana ƙona mini rai, kuma ya fi ƙona ni da na tuna na yi kusan dukkansu.

Ki riƙa zagayawa da ƙafa, kina duba gindi kafin sama. Gari a ƙasa, ƙaro yana tsattsafowa, ƙananan ramuka, reshe guda ya yi rawaya sauran suna kore, ko tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa itace ya matsa wa wuri ɗaya: duk alamar akwai mai ci a ciki. In ramin sabo ne, ki zura waya ki bi shi har ki same shi. In reshe ya tafi, a yanke shi da zarto, yanka mai kyau, a ƙone shi a ranar, nesa da sauran. Kada a toshe rami don idon mutane. Bawku ta fi Salaga zafi da ƙarancin ruwa, itacen da ƙishi ya galabaita kuwa shi ƙwaro ke fara kamawa, don haka ki yi faɗa a kan ruwan rani fiye da yadda za ki yi a kan magani. Kuma itacen da ƙwaro ya kashe, kada ya bar inda ya mutu ya tafi wata unguwa a bayan motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

Na uku kin san shi, da wayonki. Shi kunya ce ta kashe shi. Kin san yadda muke: wanda ya zo neman magani ba a mayar da shi hannu wofi, balle a ƙofar gidan malami. Mace za ta zo da sassafe ta durƙusa ta ce, "Baba Malam, yarinya na bai yi barci ba, ciki ke damun shi. Ka taimake ni da ɓawo kaɗan." Wa zai ce a'a? Sai in ce ta ɗiba. Kuma kin san ƙa'idar da aka gada, a sassaƙa ta gabas, a sassaƙa ta yamma. Na farko ya ɗauki gabas da yamma. Na goma ya zo ya tarar babu ɓawo a nan, sai ya ɗan matsa, gabas ɗinsa ta koma kusan kudu. A haka gabas da yamma suka yi ta faɗi har suka haɗu. Ramukan ƙwari suka cika farin wurin kamar rariya.

Kina sakandare kika dawo hutu kika ce mini, "Baba, abincin itace ta ƙarƙashin ɓawo yake bi. In suka zagaye shi zai mutu." Na ce miki boko ya fara sa ki koya wa ubanki zaman duniya. Na faɗa a gaban mutane, suka yi dariya, kika shige gida. Ban taɓa ba ki haƙuri ba, yau ina ba ki. Daga baya ma na gano wani daga cikin masu zuwa da "ciwon ciki" ƙulla ɓawon yake yana kaiwa kasuwar Tamale. Na yi shekaru ina yi masa addu'ar samun sauƙi, shi kuwa lafiyarsa lau.

A nan ne aikinki zai fi wuya, Rahinatu, ba a wurin ƙwari ba. Ke baƙuwa ce, mace, yarinya, ba ki jin Kusasanci, yaren mutanen wurin, sai gaisuwa. Tsoho sa'an kakanki zai zo da adda, ya ce tun ba a haifi ubanki ba yake ɗibar ɓawo a nan. Za a ce 'yar Salaga ta zo da rowa da girman kai. Ki riga su: ki je ki gaida masu unguwa da limamai da shugabannin matan kasuwa tun kafin wata magana ta taso. In kin sa an yanke reshe mai lafiya don gyara, ki ajiye ɓawonsa ki ba masu nema, kada a ce kin hana magani. Amma jikin itacen da ke tsaye, ki durƙusa har ƙasa, ki gaida mutum da sunan girmansa, ki ce a'a. Ni na kasa, shi ya sa masu sallar la'asar a ƙofar gidanmu yanzu suke bin inuwar katanga.

Saura na Mmanki. Bayan na uku ya mutu na yi rantsuwa. Na kewaye na ƙarshe da ƙaya, na hana kowa, har abokina na ƙuruciya ya yi wata shida ba ya gaishe ni. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Sai Mmanki ta kwanta. Kin tuna zuwanmu asibitin Tamale da dawowa, da ranar da likita ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Wata tsohuwa ta ce a gwada jiƙon maɗaci. Abin da ba ki sani ba, ban je daji na nema ba. Na jira an tafi masallacin Juma'a, na sa tsani, na hau can sama kan babban reshen da ke rufe teburin kokonta, na sassaƙa ta gabas na sassaƙa ta yamma. A sama na yi don kada waɗanda na hana su ga tabo su ce Malam ya hana mu ya ɗiba. Na jiƙa na kai mata. Ta kurɓa sau biyu ta yamutsa fuska ta ce, "Malam, kajina ba su ishe ka ba, sai ka haɗa da ni?" Ta yi dariya har tari ya kama ta. Wata guda bayan nan ta rasu.

Ban yi nadamar hawan nan ba, in faɗa miki gaskiya. Abin da nake jin haushin kaina a kai, shekara uku ban sake ɗaga kai na dubi wurin ba. Na san akwai rauni, na san abin da ke bin rauni, na fi kowa sani a garin nan, amma na kasa kallonsa. Da reshen ya faɗo bara kika ce iska ce, na bar ki a haka. Da na kai wa Dramani ya sassaƙa kujerar, ya kira ni gefe ya ce, "Malam, akwai baƙo ciki fa." Na ce ya toshe ramukan da kyandir ya shafa mai, yarinya na so. Ya dube ni yadda ya dube ni ranar siminti, ya koma ya yi aikinsa.

Ranar Laraba da safe, kin tafi yin sallama da 'yan uwa, na ɗaga kujerar zan sa a buhu. A inda ta tashi sai ga 'yan tsibin gari guda uku a kan daɓe. Na kara ta a kunnena, na ji ana ci a hankali. Na zauna da ita a cinya na daɗe. Na ga kaina a bayan motar Yendi da itacen banza, sai dai wannan karon cikin kayan 'yata zan sa, in aika Bawku, a hannun wadda aka ɗauka ta tsare itatuwan garin. Na kai ta bayan gida na sa gatari. Tsutsa uku na samu, farare, kowace ta kai kaurin yatsana. Na ƙone kujerar duka, na tsaya har ta zama toka. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Washegari Dramani ya riƙe mini tsani na hau. Na yanke ragowar reshen da zarto, na bi ramuka biyu da waya. Ban sani ba ko na makara. In kin samu hutun Sallah ki zo ki duba shi da idon aikinki, abin da kika ce a yi shi za a yi, ba zan sake cewa boko ba.

Gwangwanin nan 'ya'yan maɗacin ne a ciki, na tsince su da suka fashe suka zubo. Ba sa jimawa, ki shuka su cikin makon nan. In sun tsiro ki sa ido a kan tsinin sama, akwai wata tsutsa da ke shiga ta nan ta sa dashe ya rabu biyu. In ta yi, ki cire wanda ya lalace ki bar ɗaya ya miƙe. Kada ki jera su su kaɗai, ki gauraya da wasu itatuwa. Ki nemi wurin da wata mace za ta iya ajiye teburinta wata rana. In sun girma wani ya zo da adda yana roƙon ɓawo, ki hana shi, ko da ni ne na zo.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin mutum da na ciwo, ya ba ki ƙarfin halin da ubanki ya rasa. Allah ya jiƙan Mmanki, ya sa inuwar da ta samu ta fi wadda ta bari. Ki gaida mai gidan da kika sauka. In fushin ya sauka, ki kira ni.

Mahaifinki,
daga Salaga.